Motar da Ta Zaunar da Kawu a Gida

Tun da na dawo daga Sudan ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a layin awon hawan jini a tare ni, kowa da tasa tambayar. "Hajiya Rakiya, wai da gaske ne Hausawan can sun manta Hausa?" "Wai da gaske ba sa cin tuwo?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk sanda ya zagaya ya dawo kunnena sai na ji an ƙara masa gishiri. Makon jiya wata ta rantse min cewa motar aljanu na shiga a can. To ga shi na rubuta, mai so ya karanta ya ƙyale ni in sha iska.

Kawu Isa na je gani, yayan mahaifiyata. Yana saurayi ya bar Haɗeja tare da ayarin mahajjata ta ƙasa. Da suka kai Gadarif guzuri ya ƙare, ya tsaya noman riɗi don ya tara na gaba. Hajjin ya yi daga baya, amma gida bai dawo ba. Ya yi aure, ya hayayyafa, ya tsufa, daga ƙarshe idanunsa suka tafi. Inna ba ta da ƙafar tafiya, ni kuma na ajiye aikin koyarwa ina zaune, sai ta ce in je in gano mata shi. A waya kullum ana gaya mana cewa makantar ba ta kayar da shi ba, kowace safiya shi kaɗai yake zuwa kasuwa ya zauna a rumfar abokinsa har azahar.

Daga Kano na hau jirgi, jakata cike da kuka da goro da daddawa. Daddawar ce ta so ta ja min a Khartum. Jami'in da ke duba kaya ya kwance ƙullin, ya ja da baya ya toshe hanci, ya yi ta zuba Larabci. Ni kuwa Larabcina na salla ne. Ina tsaye ina zufa sai wani abokin aikinsa ya matso, dogo baƙi, ya sunsuna ƙullin ya yi murmushi.

"Ya Hajja, daga ina?" in ji shi da Hausa.

Na ce daga Haɗeja. Ya ce kakarsa 'yar Kazaure ce, rabonsa da wannan ƙamshi tun rasuwarta. Ya juya ya yi wa ɗan'uwansa bayani, suka yi dariya, aka ɗaure min kayana. Na gutsura masa curi biyu, ya sa a aljihun kakinsa, ban san yadda ya ƙare da warin ba har ya tashi aiki.

Lokacin mulkin sojan nan ne masu da'awar shari'a, kuma mace baƙuwa ita kaɗai ba ta kama ɗaki haka kawai. Sai da aka kai ni ofishin 'yan sanda, aka buga wa fasfona hatimi, aka tambaye ni wa na zo gani har sau nawa ban ƙirga ba. Na sauka a wani masauki na mata kusa da tasha. Ɗakunan suna nan, amma ba mai kwana a ciki. Da la'asar sakaliya kowa ta jawo gadonta na igiya tsakar gida. Da safe na zauna ina jiran koko, aka miƙo min shayi da biskit. Na ce to, share fage ne. Ashe abin da suke kira karin kumallo sai rana ta kusa tsakiya, wake ne dafaffe da man riɗi da burodi. Ranar na gane cewa cikin Bahaushiya ba ya jin Larabci.

Motar Gadarif babba ce mai sanyi kamar firji, labule a rufe, wa'azi na tashi. Wadda ke kusa da ni ta ga ina karkarwa, ta yafa min gefen doguwar lafayarta, ta ɓare min lemo, muka yi hira da hannu har Madani. A kowane shinge ni kaɗai ake saukewa a duba takarduna, kuma ba wanda ya yi tsaki a motar. A gida da tuni an ce direba ya bar ni. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne layin mai. Kowane gari muka ratsa, motoci ne jere har ba ka ganin ƙarshensu, da muka doshi Gadarif kuwa har da taraktocin manoma, masu su sun shimfiɗa tabarma a inuwar taya.

Haruna ne ya tarye ni, ɗan farin Kawu, wato taubashina. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma wasan taubashi ba ya bukatar gabatarwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce Rakiyar? A waya muryarki ta fi ki girma." Na ce shi ma tumbinsa bai fito a waya ba.

Ya buɗe min wata farar mota na zauna. Ban ji an tayar da inji ba, sai na ga rumfunan tasha suna wucewa. Na dafe ƙofa na ce, "Haruna, birki! Gangarawa take!" Ya yi dariya har da buga sitiyari. Da muka tsaya a mararraba na ji tsit, na fara tattara mayafi in sauka a tura. Nan ma ya kusa shiɗewa.

"Ya Hajja, zauna. Haibirid ce. Mai take sha, batir take sha. In ana tafiya a hankali injin barci yake, batir ke ja."

Shekarun da ya yi yana aiki a ƙasashen Larabawa ne ya sayo ta, aka sauke masa a tashar jirgin ruwa. Daga tasha zuwa gida na sha kirarinta. Ba ta zafi, ba ta hayaƙi, in ya taka birki ma wai batir take cikawa. Ya nuna min layin gidan mai da leɓe ya ce masu sauran motoci kwana suke a nan, shi kuwa sai ya je gonarsa ta Fashaga ya dawo, ya sake komawa, kafin ya tuna da gidan mai. Amma da muka doso lungun gidansu sai bakinsa ya mutu. Ya tsaya tun daga bakin lungu, ya fita ya leƙa, sannan ya dawo ya ja motar.

Kawu yana zaune a ƙarƙashin rumfar kara. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka da ya kama hannuna sai ya ce, "Uwata, kin zo?" Na yi kuka, ban ɓoye ba. Hausarsa ta da ce, irin wadda na ji a bakin kakanni, sai dai Larabci ya yi mata ado nan da can. Ya yi ta tambayar mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido, da wata tsamiya da aka sare tun ina firamare. Aka kawo kisira, wata 'yar siririyar waina mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Masu tambaya ko suna cin tuwo, suna ci, asida suke ce masa, sai dai ya fi namu ruwa. Bayan abinci aka kawo gahawa da citta, ana turara wuta a gefe.

Kwanaki suka wuce ina jin daɗina. Maƙwabta suka yi ta gayyata, kowane gida sai an cika ni da shayi. Amma na lura Kawu ba ya zuwa ko'ina. Daga rumfa sai banɗaki, salla ma a gida. In na tambaya ya ce ƙafa ce. Ni kuwa na ga yadda yake zagaya tsakar gida, ƙafar nan lafiyarta ƙalau.

Ihsan, matar Haruna, ita ta kwance min ƙullin wata safiya tana soya gahawa. Ta ce Kawu da kunne yake tafiya. Ya san muryar kowace mota a unguwar, ya san ta mai burodi, ya san amalanken mai ruwa, ya san keken raksha tun daga nesa, wato irin Keke Napep ɗinmu. Daga ƙarar yake gane ta ina abu ya taho da kuma saurinsa, sai ya raɓe. Wata rana da hantsi, bayan zuwan motar da kaɗan, Haruna ya dawo ɗaukar wani abu, da zai fita ya tarar da mahaifinsa a tsakiyar lungu yana tafiya.

"To ya zai yi, ya Hajja? Ya danna wa Abba hon? Aib ne, abin kunya. Sai ya biyo shi a baya a hankali, yana jira ya kai inda lungun ya buɗe."

Kawu bai ji komai ba. Ya tuna ya bar carbinsa, ya juya da sauri, ya yi karo da gaban motar ya faɗi. Bai karye ba, gwiwa ce ta kurje. Amma tun daga ranar bai ƙara taka waje ba. Ihsan ta ce ya gaya mata sau ɗaya tak, in har abu mai girman ɗaki zai iya tsayawa a bayansa bai sani ba, to kunnen ma ya tafi ke nan.

Na ce to me Haruna ya ce masa? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ɗan fari ne. Kawu ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, in zai ba shi saƙo sai ya ce a gaya wa wancan. Mu a Haɗeja wannan kunyar ta fara sakwarkwacewa, su kuwa a can sun riƙe ta yadda suka tafi da ita. Uba bai iya cewa motarka ta tsorata ni ba, ɗa bai iya cewa Abba ka yafe ni ka fito ba. Gida ɗaya, kowa yana cin ciwonsa shi kaɗai. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Ana haka Haruna ya ce zai kai ni Gallabat in ga iyakar Habasha, ya sayo gahawa da zuma. Hanya ce mai ramuka, ƙasar baƙa ƙirin, gonakin dawa hagu da dama. Iyakar kanta 'yar gada ce a kan rafi, ƙetarenta garin Matamma. Mutane na ta kai da kawo da buhuna a ka, ni kuwa soja ya duba koren fasfona ya ce nan ne ƙarshena. Na tsaya na kalli Habasha daga nesa, na sayi zuma a hannun wata mai zanen giciye a goshi, na ce ko ba komai na gaya wa jikoki na ga ƙasa biyu.

A hanyar dawowa muka tsaya wajen wata mai shayi a gindin bishiya. Nan muka tarar da wani ɗan kasuwa mai irin motar Haruna, sai dai tasa ta fi sabunta. Masu irin motar nan in suka haɗu kamar 'yan gari ɗaya ne a baƙon wuri. Suka buɗe gaba, suka leƙa baya, suka yi ƙorafin cewa makanikan Gadarif tsoron taɓa batirin suke. Haruna yana fassara min. Mutumin ya ce tasa tana da wani ɗan kuka da take yi in tana tafiya a hankali, don masu tafiya a ƙasa su ji. Ya kunna mana, wani siririn sauti kamar sauro a kunne. Ya ce shi kashewa yake, yara na binsa suna dariya. Na ga fuskar Haruna ta canza. Tasa tsohon yayi ce, ba a sa mata ba.

Da muka hau hanya na ce, "Kai, mai tumbi. Motarka ta fi ka wayo, ta san ta yi shiru a gaban manya. Sai dai ta zaunar min da ɗa a gida."

Na zaci zai rama. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa goshi a sitiyari.

"Wallahi ya Hajja, kullum da shi nake kwana. Na ce in sayar. To da me zan je gona a wannan rashin man? Wa zai kai matan unguwa asibiti? In bar ta kuma, Abba ya mutu a rumfa. Mutumin da ya zo ƙasar nan da ƙafa."

Na ce kuka ba ya gyara miya, mu gwada abin da za mu iya. Ni na zama 'yar aike tsakaninsu, tunda ni uwar ɗaya ce, abokiyar wasan ɗaya.

Da farko muka ɗaura mata ƙararrawar da ake rataya wa akuya. Haruna ya zagaya tsakar gida da ita, Kawu yana saurare daga rumfa. Ya ce, "Uwata, a gaya wa wancan, ƙararrawa sai an girgiza ta take magana. Shi kuwa lallaɓowa yake." Gaskiyarsa, a hankali ko ƙyas ba ta yi. Sai muka je wajen wani mai gyaran waya a kasuwa, ya sa mata irin kiɗan da raksha ke yi in za ta ja da baya. Wannan kam ana ji har maƙwabta. Kawu ya saurara ya girgiza kai. Ya ce yanzu in ya ji zai ɗauka raksha ce, ya bar mata hanyar raksha, alhali wannan ta ninka ta faɗi. Aka cire. Mai gyaran ya ce zai sa a nemo ainihin na'urar kukan daga tashar jirgin ruwa, har na baro ƙasar ba ta iso ba.

Da yamma ina matsa masa ƙafa na ce, "Kawu, kai me kake so?" Ya gyara zama. Sannan ya ce shi ba ƙara yake nema ba, ƙara ta cika duniya. So yake ya san wane ne, daga ina ya taho, kuma ya gan shi ko bai gan shi ba. Na kai wa Haruna maganar yadda take. Ya sunkuyar da kai.

Tafiyata ta matso, kuma na rantse a raina ba zan je in gaya wa Inna cewa na bar yayanta a rumfa ba. Wata safiya bayan Haruna ya fita na yafa mayafi na tsaya a gaban Kawu. Na ce turaren wuta nake so in saya wa mutanen gida, Ihsan tana da aiki, ni kuma ban san hanya ba.

"A kira miki yaro," in ji shi.

"Ina da ɗa a zaune zan nemi ɗan wani? Ai kai ka sani, baƙo ko da ido makaho ne. Tashi ka yi wa uwarka jagora."

Ya yi dariya, ya ce wannan uwa da fitina take. Amma ya laluba sandarsa ya miƙe. Ihsan ta leƙo daga madafa, hannunta a baki.

Muka fito. Hannunsa na hagu yana cikin nawa, yana da sanyi. Duk taku biyu sai ya tsaya ya karkata kai. Amalanken mai ruwa ya taho, tun kafin in gan shi Kawu ya ja ni gefe ya kira mai shi da suna. Mutumin ya yi tsalle ya sauko yana "Hajj Isa! Hajj Isa!" kamar ya ga wanda ya dawo daga lahira. Na ji hannun ya ɗan yi ɗumi. Amma da muka kai inda lungun ya tsuke, wurin da ya faɗi, sai ya tsaya cak ya ƙi gaba.

Na waiga don in ga ko akwai abin da ya ji. Babu abin da ya ji, amma akwai abin da na gani. Farar motar ce ta shigo bakin lungu a bayanmu, ashe Haruna ya dawo ɗaukar buhuna a sito da ke can gabanmu. Na dubi motar, na dubi Kawu. In na yi magana na tabbatar wa Kawu cewa ba ya iyawa sai da idon wani. In na yi shiru kuma, abin da ya faru ne zai sake faruwa. Na ƙara riƙe hannunsa.

Motar ta tsaya can nesa. Gilashi ya sauka, Haruna ya fito da kansa waje, ya ɗaga murya yadda ake yi a ƙofar gidan mutane.

"Assalamu alaikum!"

Kawu ya juya kansa daidai inda muryar ta fito. "Wa alaikumus salam."

Motar ta fara matsowa a hankali, Haruna bai rufe baki ba. "Barka da hantsi, Abba. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya ƙafa? Ya baƙuwa, ta bar ku kun yi barci?" Gaisuwa yake jerowa ɗaya bayan ɗaya, irin doguwar gaisuwarmu da ba ta ƙarewa, muryar tana matsowa tare da motar. Na ga kan Kawu yana bin ta sannu a hankali, yana amsawa ƙasa-ƙasa, lafiya, alhamdu lillahi, da godiya. Da muryar ta kusa, ya ɗaga sanda ya taɓa katanga, ya ja baya taku ɗaya, daidai faɗin motar, ba ƙari ba ragi. Haruna ya iso gefenmu ya tsaya. Gaisuwar ta ƙare masa, idanunsa sun kawo ruwa.

Kawu ya fuskance ni, kamar da ni kaɗai yake magana.

"Uwata, a gaya wa mai motar nan ya wuce. Na ji shi tun daga bakin lungu."

Motar ta wuce. Kawu ya zare hannunsa daga nawa, ya gyara zaman hularsa, ya sa sanda a gaba.

"Biyo ni," in ji shi. "Kuma ki ɗaga ƙafa, masu turaren kirki da wuri suke tashi."